Wancan Na Gidanmu

A daminar 1992 duk mai hannun zane a Jalingo kakarsa ta yanke saƙa. Jihar Taraba ba ta cika shekara da kafuwa ba, kowane ofis yana neman allon da za a rubuta sunansa, kowane ɗan takara kuma yana son ganin fuskarsa a ƙirjin jama'a. Tobiya, wani ɗan ƙabilar Mumuye daga wajen Zing da ke da shago a bakin titi a unguwar Sintali, yana cikin waɗanda aiki ya yi wa yawa. Sana'arsa buga hoto da rubutu a jikin riga da ƙyalle. Yana da firam-firam na katako da ya ɗaure wa yadi mai ƙananan ƙofofi, shi da kansa yake kiran su rariya. Zai yanke siffar da yake so a takarda da reza, ya manna ta a ƙasan rariyar, ya zuba tawada, ya ja da faffaɗar roba, sai siffar ta fito a jikin riga. Wata rana kafin la'asar yakan buga fuskar mutum ɗaya sau ɗari biyu, har ya gaji da ganin haƙoransa.

Amma in ka tambaye shi, zai ce maka wannan neman tuwo ne kawai, aikinsa na gaskiya yana ɗakin baya. Can ya jingine manyan zane-zane irin waɗanda ya koyo a Zariya: ja da ruwan ƙasa da baƙi an dama su a kan yadi, ga guntun buhu, ga yankin tsohuwar atamfa, ga takardar jarida duk an manna da gam. Babu mutum a ciki, babu itace, babu ko kaza. Duk wanda ya leƙa sai ya tambaye shi cikin ladabi yaushe zai gama. Matarsa Rebeka ta taɓa toshe tagar kicin da ɗaya, ta kuma shaida cewa yana tare iska sosai. Tobiya mutumin kirki ne, ba ya riƙo, sai dai yana da cutar da ke kama wasu masu ilimi, wato ganin cewa shi kaɗai Allah ya ba ido a garin.

Akwai wata dattijuwar Bafulatana mai suna Asta da ke kawo nono daga wata ruga ta kan hanyar Lau. Kusan kullum da hantsi takan sauke ƙwaryarta a inuwar shagon, ta huta, ta zuba wa Rebeka kindirmo, ta tsaya kallon yadda fuskar ɗan takara ke fitowa daga ƙarƙashin roba. Ba ta da yawan magana. Wata Litinin, bayan sun gaisa, sai ta kunce bakin zaninta ta fito da wani ƙulli. Ta warware tsumma, ta warware leda, ta warware takarda, sannan ta miƙo masa wani ɗan hoto a kife, idonta na kan motocin da ke wucewa.

"Mai fenti, ka yi wannan ya zama babba. Kamar na mutumin nan na riga."

Tobiya ya juya hoton. Bai fi tafin hannun jariri ba. Wani saurayi ne siriri da kakin soja, hula ta karkace, ya ɗaure fuska irin yadda sababbin sojoji ke yi don a ce sun girma. Ya tambaye ta ko wane ne.

"Wancan na gidanmu ne," in ji ta.

Ya sake tambaya ko yana da suna, don ya rubuta a ƙasa. Ta ce ba sai an rubuta ba. Ta ce ta kai wa masu ɗaukar hoto sun ce sai an aika da shi Yola, ita kuwa ba ta son ya bar garin. Ta ɗora ƙwaryarta, ta ce akwai biki a wata ruga da zai riƙe ta, sai Asabar za ta shigo.

Yadda ta yi maganar, ko a jikinta, shi ya sa Tobiya ya yanke hukunci a ransa cewa ɗan wani ne a dangi, wataƙila uwar yaron ce ta aiko ta. A gidansu Tobiya, in uwa ta riƙe hoton ɗanta soja, sai duk layin ya san sunansa da bataliyarsa da irin tuwon da yake so. Saboda haka ya sa aikin a sahun waɗanda ake yi idan an sami sarari. Ranar Talata da rana, yana jiran wasu riguna su sha iska, ya ɗora gilashi a kan hoton don kada ya motsa, ya ja layuka, ya faɗaɗa fuskar a babbar takarda. Al'adarsa ce ya raba fuska gida uku, wurin haske, wurin tsaka-tsaki, da wurin inuwa, kowanne da takardarsa, kuma da inuwa yake farawa. Ya zana ta, ya yanke ta da reza cikin rabin awa yana sauraren rediyo. Aka kira shi waje, ya jefa takardar bayan kabad, ya bar hoton a ƙarƙashin gilashi a kan teburin da ke jikin taga.

Ranar Laraba da azahar ya ɗaure ƙyallayen wani taro a bayan babur ya tafi kai su. Ko girgije babu lokacin da ya fita. Kafin ya gama sa hannu a takarda gabas ta yi baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa mai iska, irin wanda ke shiga ɗaki a kwance. Yana laɓe a barandar ofis ya tuna bai rufe taga ba, amma abin da ya zo masa a rai rigunan ɗan takara ne. Da ya dawo su ya fara dubawa, ya ga ba abin da ya same su, ya yi hamdala. Sai can ya lura teburin ya zama tafki.

Ruwa ya shiga tsakanin gilashin da hoton, sun manne. Da Tobiya ya yi haƙuri ya tsoma su tare a ruwa mai tsabta, wataƙila da sun rabu lafiya. Ya san haka, an koya masa. Amma sauri ya haifi nawa. Ya sa farce a kusurwa ya ɗaga, ya ji ɗan ƙara, ya ci gaba da ja. Hula ta taso, kwalar riga ta taso. Fuskar ta tsaya a jikin gilashin, ta narke ta zama wani toka-toka mai santsi, da ya taɓa ta da yatsa sai ta bi yatsan. A takardar, tsakanin hula da kwala, babu komai sai fari.

Ransa ya ɓaci, amma ɓacin rai na mai sana'ar da ya yi ɓarna. Ya shiga cikin gida, wanda ke bayan shagon, ya tarar da Rebeka tana tuƙa tuwo, 'yarsu Hope tana wasa da murfin tukunya. Ya nuna mata, ya ce zai ba Asta haƙuri, ta je wurin iyayen yaron ta karɓo wani hoton, ya yi mata kyauta.

Rebeka a unguwar Majidaɗi ta tashi, katangarsu ɗaya da Fulani, da 'ya'yansu ta yi wasan ƙasa. Ta dubi hoton, ta ci gaba da tuƙi, sannan muciyar ta tsaya.

"Baban Hope, ta faɗi sunansa?"

Ya ce a'a, ta ce dai wancan na gidansu.

"Da ta ba ka, ta kalli hoton?"

Ya ce a kife ma ta ba shi, tana kallon titi.

"A cikin me ta kawo?"

Ya lissafa mata tsumma da leda da takarda. Yana lissafawa yana jin muryarsa tana raguwa.

Rebeka ta sauke tukunyar daga wuta tuwon bai gama nuna ba. "Shekara nawa ka yi a garin nan? Ɗanta ne. Ɗan fari."

Ta yi masa bayanin abin da duk yarinyar Majidaɗi ta sani. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗaga ido ta dube shi. In an yabe shi sai ta canja magana, in ya yi ciwo sai ta aiki wata ta duba shi. Kunya ce, kuma gwargwadon yadda take ɓoyewa, gwargwadon yadda abin yake a ciki. Da ɗan wani ne, in ji Rebeka, da ta faɗi sunansa da na uwarsa, har ta ƙara da cewa yaron ba ya jin magana.

Washegari da sassafe Tobiya ya hau babur ya kama hanyar Lau, yana fatan Rebeka ta yi kuskure, ko kuma a ce akwai wani hoton. Ya bar kwalta, ya sha taɓo, ya tambayi makiyaya biyu kafin ya sami rugar. Asta ba ta nan. Yayanta ya tarar, wani dogon dattijo mai suna Sajo, yana ɗaure maruƙa. Sajo ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo nono, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da aiki da ruwan jiya. Sai da Tobiya ya ambaci hoton sannan dattijon ya zauna sosai.

Ya ce sunan yaron Saleh. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, kamar yadda ake yi, ya girma bukka uku tsakaninsa da uwarsa. Bai so kiwo ba. Ya gudu ya shiga soja, daga bariki ya aiko da wannan hoton, shi ke nan guda ɗaya. Aka tura su Laberiya. Wata rana mutum biyu suka zo da akwatin kayansa da takarda, gawa kuwa tana can. Asta tana tatsa lokacin da aka faɗa mata, ta ƙarasa tatsar, ta kai ƙwaryar inuwa ta rufe. Har yau mutanen ruga suna misali da haƙurinta. Hoton a wurin Sajo yake tun lokacin, ba ta taɓa cewa a nuna mata ba, sai watan jiya ta zo ta ce ya ara mata takardar nan.

Tobiya ya ajiye ƙwaryar nonon, ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba. Sajo ya daɗe yana kallon kan sandarsa. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Tobiya ya tambaya ko akwai wani ƙane da ya yi kama da marigayin, dattijon ya ce sauran duk mata ne, kuma ubansu suka biyo.

"Ni dai ba zan kai mata wannan magana ba," in ji Sajo. "Hannunka ta ba. Bakinka za ta ji."

A hanyar dawowa shaiɗan ya hau bayan babur ɗin. Ai matar ba ta taɓa kallon yaron ba, hoton ma a kife take riƙe shi. In ya zana wani saurayi siriri mai dogon hanci, ya ɗora masa hula a karkace, wa zai ce ba shi ba ne? In ta tambayi hoton kuma, sai ya ce mata ya manna shi a bayan firam. Da ya isa gida ya gwada wa Rebeka maganar a kaikaice, kamar shawarar wani ce. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce macen da ba ta kallon ɗanta a gaban mutane ta fi kowa sanin ƙeyarsa da tafiyarsa da inuwarsa, don da gefen ido ta haddace shi shekara ashirin. Ta ce in yana son ya ƙara mata mutuwa ta biyu, bismilla. Tobiya ya ji kunya har cikin ƙashinsa, bai sake tayar da zancen ba.

Ranar Juma'a ya ƙi karɓar aikin kowa. Ya zauna da fensir yana ƙoƙarin tuno fuskar. Ya kalle ta rabin awa ranar Talata, amma kallon mai yankan takarda, ba kallon mai son sanin mutum ba. Abin takaici kuma abin dariya, duk fuskar da ya zana sai ta koma ta ɗan takarar nan, da kumatunsa da haƙoransa. Hannu ya riga ya saba. Ya yaga takarda ta kai goma. Da la'asar yana neman wata sabuwa ya leƙa bayan kabad, sai ga takardar inuwar da ya yanke.

Ya ɗaga ta a haske. Ramuka ne kawai marasa fasali: biyu a sama, ɗaya karkatacce a tsakiya, siriri a ƙasansa, wani dogo ya gangaro gefe. Ba tare da sauran takardun biyu ba wannan ba fuska ba ce, kuma sauran biyun ba za su taɓa samuwa ba. Duk da haka ya manna ta a rariya don ya ga iyakar abin da ya rage masa. Farin yadi ya ƙare a shagon. Cikin haushin kansa ya shiga ɗakin baya ya jawo ɗaya daga cikin zane-zanen nasa, wani mai ja da ruwan ƙasa da guntun buhu a sama, ya ce masa yau dai ka yi amfani. Ya kwantar da shi, ya ɗora rariya, ya zuba baƙar tawada, ya ja sau ɗaya.

Da ya ɗaga, abin da ya zata shi ya gani, baƙaƙen tabo a kan dame-damen launi. Ya jingine shi a bangon shago yana fuskantar ƙofa, ya zauna a benci ya haɗa kai da gwiwa. Yana nan zaune ya ji Rebeka tana kiransa daga tsallaken titi. Daga kasuwa take, kwando a kai, Hope a hannu, ta tsaya cak kusa da mai gyaran keke.

"Baban Hope, wane ne wannan yaron?"

Ya waiwaya, babu kowa a shagon. Ta ce ya zo inda take. Ya tsallaka, ya juya. Daga nan nesa tabon sun haɗu. Ga idanu a zurfafe, ga inuwar hanci, ga leɓen da aka cije don a ɓoye yarinta. Jan da ya shafa watanni da suka wuce ba da nufin komai ba ya zauna a kumatu, ruwan ƙasar ya zama goshi, guntun buhun ya faɗo daidai inda hula take. Wani saurayi ne yake kallon titi daga cikin shagonsa. Ya taka zuwa tsakiyar titi, fuskar ta fara watsewa. Kafin ya kai bakin ƙofa ta koma fenti.

Nan take hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya ce zai ƙara haske a ido, ya gyara haɓa, ya fito da kunne. Rebeka ta ajiye kwando ta tsaya tsakaninsa da zanen, ta ce hannun nan ya yi abin da ya isa a satin nan, ya sa shi a aljihu. Ya bi maganarta. Amma hankalinsa bai kwanta ba, don fuska dai ta fito, sai dai shi ba zai iya rantsewa ta Saleh ce ba. Rebeka ba ta taɓa ganinsa ba, shi kuma ya gan shi bai gan shi ba. Mutum ɗaya ce za ta sani.

Asabar da hantsi ya juya zanen ya fuskanci bango. Ba ya son ya zama kamar yana toshe mata baki da shi kafin ta ji laifinsa. Asta ta iso, ta sauke ƙwarya, suka gaisa. Tobiya ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi wa kwastoma ba, ya miƙa mata ragowar hoton a kan tafukansa biyu. Ya faɗa mata taga, ya faɗa mata ruwa, ya faɗa mata farcensa. Ya ce ba ruwan ne ya ɓata ba, shi ne.

Wannan karon ta kalli hoton, tunda babu wanda za ta ji kunya a cikinsa. Hula, kwala, da fari a tsakani. Ta shafa farin da babban yatsa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wanda ya faɗi haka bai zauna da Asta ba. Abin da Tobiya ya gani kawai shi ne, da ta mayar da hoton, ta kasa ƙulla bakin zaninta sai a karo na uku.

"Ruwa na Allah ne," in ji ta. "Ka tashi, mai fenti."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya ce, "Dada," yadda ake kiran uwa ko dattijuwa da Fulatanci, "wallahi ban sani ba. Da na san cewa shi..."

Rebeka ta taka masa ƙafa da ƙarfi. Ya haɗiye sauran.

Asta ta ɗora ƙwaryarta, ta yi sallama, ta fita. Tobiya ya tsaya kamar an dasa shi, ya kasa cewa ta dakata. Rebeka ce ta jira har matar ta tsallaka titi, sannan ta juyo da zanen, ta ɗauki faifan da ta zare daga kan ƙwaryar tun suna gaisawa, ta fito bakin ƙofa tana ɗaga shi.

"Dada! Kin bar faifanki."

Asta ta juyo. Idonta ya wuce Rebeka ya shiga cikin shagon. Ba ta kai ƙiftawa biyu ba ta kawar da kai gefe da sauri, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta tsaya tana kallon tayoyin mai gyaran keke.

"Shi ne," in ji Rebeka a hankali.

Tobiya ya dafa ƙofa. Shekarunsa na zane ba a taɓa yaba masa da irin wannan ba, a ce mutum ya ga aikinsa ya kasa kallo. Godiya ta cika masa ciki har ya rasa wa zai fara yi wa, Allah, ko matarsa, ko tsohuwar da ke tsaye a rana.

Ta tsallako idonta a ƙasa, ta karɓi faifan. Maimakon ta juya sai ta sauke ƙwaryar, ta ce rana ta yi zafi, bari ta ɗan huta. Ta shiga ciki, inda ba ta taɓa shiga ba, ta zauna a ƙasa dab da zanen, kusan kafaɗarta na taɓa shi. A hankali ta ɗago. Daga inda take babu ido, babu hanci, sai ja da baƙi da zaren buhu.

"Wannan ai fenti ne kawai," in ji ta.

"Fenti ne, Dada," in ji Tobiya.

"To."

Ta zauna tana kallon fenti. Ta bi baƙin nan dogo da ido daga sama har ƙasa, ta koma kan biyun da ke sama ta daɗe. Ta kai yatsa ta taɓa jan, ta duba ko ya bushe. Wani mai neman allon shago ya leƙo, Rebeka ta tare shi a waje ta ce oga ba ya nan, alhali ga oga a tsaye yana share ido da bayan hannu. Nono ya yi ɗumi a ƙwarya, masu sayensa a cikin gari suka gaji da jira. Sai da aka kira azahar sannan Asta ta motsa.

Tobiya ya ce zai sa masa firam ya kai mata har ruga a babur. Ta girgiza kai. Ta ce bukkarta ƙarama ce, kuma akwai idon mutane, kowa ya shigo sai ya tambaya. Ta dubi bangon, ta dubi ƙofa, ta auna da ido.

"Ka rataye shi nan, yana duban hanya. Kar ka sayar."

Ya ce ko gwamna ya zo ba zai sayar ba.

"In na taho daga can," ta nuna tsallaken titi da leɓe, "ba wanda ya san abin da nake kallo."

Ta ɗora ƙwaryarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Useko, mai fenti." Na gode ke nan da Fulatanci. Tobiya ya buɗe baki zai ce shi ne da godiya, amma ta riga ta shiga rana.

Ranar Lahadi a coci, da aka ce masu godiya su tashi, ya tashi. Fasto ya tambaye shi abin da Ubangiji ya yi masa, ya ce ya yi ɓarna an yafe masa, ya zauna. Jama'a suka jira ƙarin bayani ba su samu ba, aka ja waƙa.

Litinin da hantsi yana jera riguna a igiya ya hango ta. Ta tsaya a tsallaken titi, ta sauke ƙwarya a kan dutse, ta cire gammonta tana warwarewa tana sake naɗawa, gammon da babu abin da ya same shi. Tobiya ya matsa daga bakin ƙofa don kada ya tare, ya juya wa titi baya. Ya ɗauki wata rariya da ya riga ya wanke tun jiya, ya zuba mata kananzir, ya kama gogewa. Ya daɗe yana goge ta, don bai san iya lokacin da take bukata ba.